Dirisiya Mai Wari

Ni ban taɓa son Dirisiya ba, gara in faɗa tun farko. Mun daɗe muna aiki a hamam ɗaya, wato gidan wanka na jama'a, a tsohon garin Sala da ke ƙetaren kogi daga Rabat, ni ina dirzar jikin mata, ita tana jan bokitai, tana share ƙasa, tana kwashe rariya. Ban tuna ranar da ta ce mini sannu da aiki ba. Ni ma ban ce mata ba. In mutum ya wuni cikin tururi yana goge dauɗar mutane, ba shi da sauran numfashin da zai ɓatar a kan gaisuwa.

Daga ƙauye ta zo, can wajen Sidi Kasim, shekarar da ruwa ya ƙi sauka mutane suka watso cikin gari. Mijinta ɗan dako ne a kasuwar kayan miya. Ciwon ƙirji ya ɗauke shi, ya bar mata ɗaki ɗaya a saman shagon mai gyaran takalma, ba ɗa, ba gona, ba dangin da ke nemanta. Sai ta zo wurin Si Bushta, mai hamam ɗin, ya ba ta aikin da kowa ke gudu. Duk abin da mata suka wanke daga jikinsu, gashi ne, lalle ne, yumɓun wanke kai ne, har ɓawon lemon da suke sha a zaune, a bakin rariya yake taruwa, kuma da hannu ake kwashe shi. Aikinta ke nan. Doguwa ce, siririya, mai dogon wuya. Ko tana durƙushe a kan ƙazanta wuyan nan a miƙe yake, kamar ita ce mai gidan, mu 'yan haya.

A cikin gashin nan ake tsintar 'yan kunne. Mace za ta shigo ta manta ba ta cire ba, ta shafa baƙin sabulu, ta ja mataji, ɗaya ya zame, ruwa ya tafi da shi. Ba a taɓa tsintar biyu tare ba. Kullum wari ne. A da akwai wani kwano kusa da Tamu, mai zaman ƙofa da ke tsaron kayan mutane, duk abin da aka tsinta nan ake jefawa. Kwanon yana da wani hali. Na roba da na ƙarfe sukan shekara a ciki, na zinare ba ya kwana. Ban ce Tamu ba. Na dai ce kusa da ita kwanon yake.

Da Dirisiya ta lura, sai ta daina jefawa. Ta riƙa ƙulle abin da ta tsinta a bakin ɗankwalinta har mai shi ta zo. A shekararta ta farko ta tsinci wani na azurfa mai murjani. Wata mata ta gani, ta dafe ƙirji, ta rantse da Allah, ta rantse da kabarin uwarta cewa nata ne. Dirisiya ta miƙa mata. Ba a jima ba sai ga mai shi ta gaskiya, riƙe da ɗan'uwansa a tafin hannu. Mai rantsuwar kuwa ba a sake ganin ko ƙeyarta ba. Mai shi ta gaskiyar ta ce sayarwa aka yi, ta kwaɗa wa Dirisiya mari a gaban kowa. Dirisiya ba ta yi kuka ba. Ta kai hannu kunnenta na hagu, ta cire nata, shi ma na azurfa, wanda uwarta ta sa mata ranar da za ta bar ƙauye, ta danƙa wa matar. Matar kuwa ta karɓa. Ina tsaye a wurin da soso a hannuna. Ta karɓa, ta auna nauyinsa a tafi, ta juya ta tafi.

Tun daga ranar Dirisiya ta kafa dokarta, ba ta shawarci kowa ba. Abin da ta tsinta, kunnenta na hagu zai hau, inda kowa zai gani, inda babu hannun da zai kai sai nata. Mai nema ta zo da warinsa, a haɗa a gani. Babu wari, babu magana. Ba ta karɓar rantsuwa, ba ta karɓar kuka, ba ta karɓar shaidar maƙwabciya. Na dama kuwa na uwarta ne, shi kaɗai ya rage, ba ya sauka. Da tsintuwa ta yi yawa, ta gasa allura a wuta ta ƙara huda kunnen hagun har can sama. Waɗanda ba su sami wuri ba suna cikin wani gwangwanin shayi mai ƙwaɗo, tana yi musu karɓa-karɓa, yau waɗannan gobe waɗancan, don kowane ya samu a gan shi. In an tashi, ta cire duka, ta kulle, ta koma gida da na uwarta kaɗai. Yaran lungu suna binta suna kiran Mai Wari. Ba ta waiwaye.

Har nan ba ni da ta cewa. Aiki ne, kuma ta yi shi. Abin da ya riƙa ci mini rai shi ne yadda ta mai da asarar mutane kwalliya.

Da safe, kafin a buɗe ƙofa, mu muna shan shayi muna miƙe baya, ita tana gaban tsagaggen madubin zaure, ta baje kayan gwangwani a kan tawul tana zaɓe. Na uwarta gajere ne mai nauyi, don haka a hagu sai ta sa dogo, mai lilo, wanda in ta juya kai yake taɓa kafaɗa. Ta tattara gashinta ta jefa shi dama don hagun ya fito fili. A ƙananan hudojin sama ta jera ƙanana, masu ɗigon dutse. Ba ta taɓa sa dogaye biyu tare ba. In ɗankwalinta ja ne ba ta sa ja, sai ta nemo mai ruwan zuma. Ta ɗaga, ta ajiye, ta karkata kai, ta sake ɗagawa, bokitai suna jira.

Wata safiya na ce mata, "Ke Dirisiya, biki za ki ko rariya?"

Ta ce, "Rariya. Amma masu kallona sun fi masu kallon amarya yawa, kuma duk tsirara suke, ba su da abin da za su nuna mini."

Tamu ta yi dariya har ta ƙware da shayi. Ni ban yi ba.

Sai dai abin ya yi mata kyau, ba zan yi ƙarya ba. Mace ce da ba ta da komai, rigar aikinta ta koɗe, ƙafafunta sun jiƙu har sun yi fari, amma in ta ratso cikin tururi da bokiti biyu, dogon ɗan kunnen nan yana kaɗawa gefe guda, sai kin ɗaga kai. 'Yan matan da ke ƙetara kogi zuwa makaranta a Rabat suka fara kwaikwayo. Biyu za su sayi nasu daban-daban su yi musaya, kowa ta sa wari da wari. Uwayensu suna zagi, wai sun rasa wurin koyon ado sai wurin mai kwashe gashi. Su kuma su ce a waya suka gani, yayi ne na Turai. Ƙarya suke yi. Na sha ganinsu suna tsayawa a zaure suna jan lokaci har ta wuce. Ita kuwa ta dubi yarinya sama da ƙasa ta ce, "Cire na dama, 'yata. Duka biyun suna surutu. In ɗaya yana magana, ɗayan ya yi shiru." Yarinyar ta cire, ba musu.

Mata da yawa sun sami kayansu ta hanyarta. Masu godiya kaɗan ne. Masu jin haushinta sun fi yawa, domin ba kowa ke ajiye wari ba. Wata da ta ga ɗaya ya ɓata sai ta kai ɗayan wurin maƙerin zinare a narkar, daga baya ta hango nata a kunnen Dirisiya, ba dama. Akwai wata tsohuwa daga unguwar masu saƙar tabarma da ta zo tana kuka a kan wani ɗan ƙarami mai shuɗin dutse, ta ce warinsa jikarta ta jefa a rijiya. Dirisiya ta saurare ta har ta gama, ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Inna," ta ɗauki bokitinta. Ranar na so in kwaɗa mata nawa marin. Daga nan aka fara raɗe-raɗi, wai ita ce ke zare su da yatsa in tana zuba wa mutum ruwa a ka. Ba wanda ya taɓa gani. Ba a bukatar gani a hamam, zafi da zaman banza sun isa.

Haka aka yi ta tafiya har kan Hajja Batul.

Hajja Batul yayar Si Bushta ce, kuma tsoronta yake ji tun yana yaro. Duk Alhamis take zuwa, ta kame wurin da ya fi kusa da famfon ruwan zafi, ta sa a jera mata bokitai kamar garken tumaki. Ni nake dirza ta. Tana da wasu 'yan kunne na zinare, tsohon aikin maƙeran birnin Fas, masu koren dutse, kuma ba ta cire su domin ba ta yarda da Tamu ba. Wata Alhamis ɗaya ya zame, ba ta sani ba sai da ta isa gida. Ta birkita gidanta, ta zazzage matasai, ta zagi 'yar aikinta. Da Alhamis ta zagayo ta shigo zaure, sai ga abinta yana lilo a kunnen Dirisiya.

Kowa a wurin ya san nata ne. Ni na sani, na shekara nawa ina goge bayan kunnen da yake rataye. Dirisiya ma ta sani, ita ke zuba wa kan ruwa.

Hajja ta ce, "Alhamdu lillahi! Ke, zo nan. Ciro mini abina."

Dirisiya ta ajiye bokiti. "Barka da zuwa, Hajja. Ina warinsa?"

"Warin me?"

"Ɗan'uwansa. Ki kawo a haɗa."

"Yana gida cikin akwati. Ke ba ki san ni ba ne?"

"Na san ki, Hajja. Kowa da warinsa yake zuwa."

Wata da ke cire riga ta tsaya da hannu a sama. Hajja ta yi wata 'yar dariya, ta dubi mutane kamar tana neman wanda zai fassara mata.

"Ni? Ni zan ɗauko shaida in kawo wa mai tsintar gashin hammata? A cikin hamam ɗin ƙanena?"

"Gidanki ba nisa, Hajja. Ko ki aiki yarinya."

"Ko bango ɗaya ne tsakaninmu ba zan kawo ba." Ta juyo kaina. "Miluda, ke kike dirza ni. Na wane ne wancan?"

Na ce, "Naki ne, Hajja."

"Kin ji?"

Dirisiya ta ce, "Na ji. Amma Miluda ba ɗan kunne ba ce." Ta ɗauki bokitinta ta shige.

Ranar na dirji Hajja tana huci. Ba ta daina magana ba tun daga wuya har tafin ƙafa, kuma da ƙarfi take yi don ɗakin zafi duka ya ji. Ta ce an ɗauko ɓarauniya daga ƙauye an ba ta lasisin rataye kayan sata a kunne. Ta ce da ma ta ji an ja mata kunne ranar, ta ɗauka mataji ne.

Maganar Hajja Batul ba ta faɗuwa ƙasa a unguwarmu. Cikin 'yan makonni hamam ya juya. Dirisiya ta nufo da bokiti, sai ki ga mata suna dafe kunnuwa da hannu biyu, wasu da gaske, wasu don a yi dariya. Aka riƙa tuntsurar mata da ruwa da ƙafa. Aka riƙa watsa ɓawon lemo inda ta gama sharewa. Wata Lalla, wato matar manya, da aka taɓa mayar wa zobenta na kunne na zinare, wadda na ga ta sumbaci goshin Dirisiya ranar, ita ce na ji tana cewa, "Ai da ma ni ma na yi mamakin yadda nawa ya faɗi." 'Yan matan nan masu kwaikwayo suka koma sa iri ɗaya in za su shigo.

Ita kuma me ta yi? Mai hankali zai ɓoye abin cikin gwangwani har wuta ta lafa. Ita sai ta sauke duk ƙananan, ta bar na Hajja shi kaɗai a hagu, ta nemo ɗankwali baƙi don koren dutsen ya fito, ta shafa wa wuyanta man zaitun. Kullum. Na ce mata tsokana ce. Ta ce doka ce, abin da ake nema shi ake nunawa.

Si Bushta ba ya iya shigowa lokacin mata. Can baya yake zama wurin mai hura wuta, yana aiko Tamu. Aike na farko lallashi ne. Na biyu gargaɗi. Na uku ya zo ranar Juma'a muna zagaye da kwanon kuskus a zaure. Tamu ta share hannu ta ce, "Si Bushta ya ce Alhamis mai zuwa ko ki ba Hajja abinta, ko ki ɗauki takalmanki."

Dirisiya ta ci gaba da mulmula lomarta.

Na ce, "Ki ba ta. Kin san nata ne."

"Na sani."

"To?"

"Tsohuwar nan ta unguwar masu tabarma, ita ma na san nata ne. Na gani a idonta. Ban ba ta ba, yana nan cikin gwangwani. In na ba Hajja, da wane ido zan dubi waccan?"

"Waccan ba ta da ƙane mai hamam."

"Shi ya sa."

"Shi ya sa me? Dokar taki za ki dangwala da burodi? Wa zai ɗauke ki aiki a wannan shekarun, da wannan bakin naki?"

Tamu ta ce, "Ki bar ta, Miluda. Sarauniyar rariya ce, ba a yi mata gyara."

Dirisiya ta ce, "Ke dai ci kabewarki, Tamu. Na san abin da kike jira."

Ni ba na son dogon zance, abin da za a yi a yi. Washegari na sa jallabiyata na tafi gidan Hajja da kaina. Ba don Dirisiya ba. Na san in ta tafi, wani ne zai durƙusa a bakin rariyar nan, kuma Si Bushta ba mai son ɗaukar sabon ma'aikaci ba ne. Na tsaya a ƙofa, ba a ce in shigo ba. Na ce, "Hajja, ki ba ni shi a cikin hankici, in kai in dawo da biyu. Ba wanda zai sani. Ba sai kin taka ba."

Ta shiga ciki ta fito da shi, ta riƙe da yatsa biyu tana kaɗa shi a gaban hancina. "Kin gani? Kalle shi da kyau. Je ki gaya mata kin gani. Amma ba zai taka hamam ba, ko a hannunki ko a hannun wani. Ni ba a tambayata shaida." Ta rufe ƙofa.

Na koma na gaya wa Dirisiya na gan shi da idona, iri ɗaya sak. Ta ce, "A haɗa a gani na ce, ban ce a je a gano ba."

Na ce, "Allah ya haɗa ku, ke da ita. Kai ɗaya gare ku, na jaki."

Ta ce, "Amin."

Alhamis hamam ya cika kamar jajiberin salla. Waɗanda suka yi wanka Laraba ma sun dawo. Hajja ta zo da surukanta da ƙawayenta, kunnuwanta fayau ba komai, don kowa ya ga abin da aka yi mata. Ta kame wurinta. Dirisiya ta jera mata bokitai kamar kullum, ta gauraya zafi da sanyi, ta gwada da gwiwar hannu. Na lura da abu ɗaya: tun safe ba ta taɓa babbar rariyar ɗakin zafi ba. Gashi ya taru a kai ya yi tabarma, da kumfa, da lalle, ruwa yana bi ta gefe da ƙyar. Ban taɓa ganin ta bar shi haka ba.

Ina cikin dirzar bayan Hajja sai ta ɗaga hannu. "Ke. Lokaci ya yi."

Dirisiya ta zo ta tsaya. "Kin zo da shi, Hajja?"

"Ban zo da shi ba."

"To ni ba zan ba ki ba. Kuma ba zan fita da abin da ba nawa ba."

Ta kai hannu ta zare shi a hankali, ba ta gaggawa. Ta taka zuwa babbar rariyar, ta durƙusa, ta ajiye shi a tsakiyar gashin, ta ɗan danna shi da yatsa ya zauna. Ta miƙe.

"Nan na same shi. Nan na mayar. Mai shi ta sunkuya ta ɗauka."

Koren dutsen yana ƙyalli a cikin ƙazantar mata hamsin, ruwa yana lasar gefensa. Wata a can kusurwa ba ta san abin da ake ciki ba, ta ɗaga bokiti za ta juye a kai. Hajja ta ƙwalla ihu, "Kar ki zuba! Kar wadda ta zuba ruwa!" Ta yunƙura kamar za ta tashi, ta dubi rariyar, ta dubi idanun da ke kanta, ta koma ta zauna. Surukanta suka sunkuyar da kai, kowa tana duban farcen ƙafarta. Ƙawayen da suka rako ta don kallo ba wadda ta miƙa hannu.

"Miluda!"

Na ajiye soso, na je, na cusa hannu cikin gashin na ciro shi. 'Ya'ya huɗu gare ni da miji mara aiki. Na wanke shi da sabulu, na ɗauraye, na miƙa mata. Ba ta karɓa daga hannuna ba, sai ta shimfiɗa bakin tawul na ɗora a kai.

Sai bakuna suka buɗe. Mara kunya. Mara tarbiyya. 'Yar ƙauye. Wata ta ce a kira 'yan sanda, wata ta ce a kan me, ga abin nan an samu. Wata ta jefe ta da jiƙaƙƙen soso ya same ta a kafaɗa. Dirisiya ta ratsa su ta fita zaure, ni ma na biyo don in sha iska. Ta goge jiki, ta sa jallabiyarta, ta ɗauko gwangwanin shayin ta buɗe ƙwaɗon, ta juye duka cikin tsohon kwanon da ke gefen Tamu. Ta ɗaga murya yadda na ciki za su ji.

"Mai nema ta fito ta duba yau. Gobe ba lallai ku ga masu ƙyalli ba."

Tamu ta ce, "Fita, Allah ya raka taki gona."

Ta ɗauki takalmanta na roba a hannu, ta sa su a bakin ƙofa, ta fita da rana tsaka. Ba wadda ta raka ta. Ni na koma ciki, domin ban gama ƙafafun Hajja ba.

Abin da na ji tsoro shi ya faru. Si Bushta bai ɗauki kowa ba. Ya raba bokitai tsakaninmu, rariya kuwa ya ce tunda na nuna hannuna ba ya ƙyama, tawa ce. Yanzu in na gama dirzar mutane sai in durƙusa in kwashe abin da na dirzo. Bayana bai sake miƙewa daidai ba. Duk wanda ya ce mini Dirisiya jaruma ce, ya zo ya taɓa ƙuguna. Ita ta tsaya a kan dokarta, ni nake biya da gwiwoyina. Hajja kuwa tana nan tana zuwa duk Alhamis da 'yan kunnenta biyu, ta ƙara musu maƙalli mai ƙarfi, kuma ba ta taɓa ambatar sunan Dirisiya ba.

Dirisiya ta yi watanni ba aiki. An ce ta nemi wani hamam a ƙetaren kogi, labari ya riga ta isa. Daga baya ta sami wuri a kasuwar kifi, tana zaune a kan akwatin katako tana fere wa masu saye kifinsu, tana cire hanji. Mu da muka saba da zafi sanyi ne ke kashe mu, kuma wurin nan iskar teku ce ke kaɗawa tun asuba. Hannayenta sun tsattsage. Ta rame, tana tari.

A damunar da ta wuce na bi ta wurin zan sayi kifin sardin. Na hango ta kafin ta gan ni. A hagu ta sa wani abu da ta ƙera da kanta, ƙugiyar kamun kifi ce ta lanƙwasa ta goge tsinin, ta zura mata guntun ɓawon kawa mai sheƙi, dogo har kafaɗa. Ɓawon kifi duk ya manne mata a hannu, amma gashin yana jefe a dama yadda ta saba. Wata yarinya mai sayar da na'ana'a a gefenta ta sa irinsa.

Ta ɗago ta dube ni, wuƙarta ba ta tsaya ba.

"Kin ƙara doro, Miluda."

"Aikinki ne a kaina."

"Kina ɗaga murfin rariyar ɗakin tsakiya? Akwai wani lungu ta ƙasa, can ƙananan suke maƙalewa. Sai kin zura hannu har gwiwa."

"Ba ruwanki yanzu."

"Na san ba kya yi. Kullum sama-sama kike aiki, ko dirzar taki haka take."

Na shekara fiye da ashirin ina dirza, ba wadda ta taɓa tashi daga hannuna da dauɗa. Na buɗe baki zan gaya mata, sai tari ya kama ta, ta juya kai gefe don kada ya sauka a kan kifin mutane. Na jira ta gama, ba ta gama da wuri ba. Na matsa gaba, na sayi kifina, na ba wata mai fere kifi da ke kusa da ita ta fere mini.